Ciwon Gwiwar Da Ba Faɗuwa Ce Ta Kawo Shi Ba

'Yan uwana 'yan mata, musamman ku na makarantun kwana masu buga netbol, yau da ku nake.

Wasan nan daga Ingila ya zo mana, mutum bakwai-bakwai kowane ɓangare. A dokarsa ba a gudu da ƙwallo a hannu, ba a kuma riƙe ta fiye da daƙiƙa 3. Wato kina tsaka da gudu kin cafe, sai ki ci burki nan take. To duk nauyin nan a gwiwa da idon sawu yake sauka, ga filin siminti, ga takalmi sharara kamar silifa.

Shi wannan ciwo sanɗa yake yi, ba kamar targaɗe ba. Sai ki ji ƙasan ƙoƙon gwiwarki na zogi in kin durƙusa gaida Umma, ko ƙwaurinki na zafi bayan wasa. Jijiya ce ta gaji ba a bari ta huta ba. Ya fi kama wadda ta sha kwanciya duk dogon hutu, tana dawowa aka ce gasar gidaje ta matso, sai atisaye safe da yamma.

Abin da ke ba ni haushi wallahi, yarinya sai ta ɓoye, wai kada a ba wata gurbinta. Ta shafa man zafi, ta ɗaure da ɗankwali, ta koma fili tana ɗingishi. Haba 'yar uwa! Ki rage tsallen, ki gaya wa malamar wasanni, in kuma ya ƙi lafawa a kai ki asibiti likita ya duba, ba wajen mai ɗori ba.