Duwatsun Tsaye na Sanagal da Gambiya

Can yamma da ƙasarmu, a Sanagal da Gambiya, akwai wasu duwatsu masu ban mamaki. An sassaƙa su, an kafa su tsaye, an jera su a kewaye kamar yaran da suka zagaye wuta lokacin ɗari. Irin waɗannan kewaye sun fi 1000, suna warwatse a yankin kogin Gambiya. A wuri guda, mai suna Sine Ngayen, akwai 52.

Duwatsun na marmara ne, jan dutsen nan da muka sani a tuddan ƙasarmu. Wani tsawonsa ya fi mita 2 da rabi. Wani nauyinsa ya kai tan 7.

Mutanen da suka kafa su ba su bar rubutu ba. To, ta yaya za a san labarinsu? Wannan aikin masu binciken kayan tarihi ne. Su ba sa haƙa da gaggawa kamar mai gina rijiya. Suna kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, su tankaɗe ta da rariya. Kome suka gani, sai sun zana wurin da yake kwance kafin su ɗauke shi.

Da suka haƙa tsakiyar kewayen, sai suka tarar da ƙasusuwan mutane. Ashe kaburbura ne! Wani kabari mutum ɗaya ne a ciki, wani kuwa mutane da yawa. Tare da su an sami tukwane, da kawunan masu na ƙarfe, da mundaye na tagulla. Sau da yawa akwai wasu duwatsu a tsaye daga gabas da kewayen.

Masana sun auna shekarun gawayi da ƙasusuwan da aka tono, da wata dabara da ake kira awon karbon 14. Awon ya nuna an daɗe ana wannan aiki: tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa ƙarni na 16 bayanta.

Yanzu mu yi tunani. Marmara ba ta sassaƙuwa sai da ƙarfe, ke nan suna da maƙera. Tukwanen sun nuna akwai magina. Tagulla daga nesa ake kawo ta, ke nan akwai fatauci. Dutse mai tan 7 kuwa ba ya jawuwa sai da gayya, gayya kuma sai da mai kiranta da mai ciyar da ita. Ashe al'umma ce mai tsari, mai girmama mamatanta.

A 2006 hukumar UNESCO ta sa wurare huɗu cikin kayan gadon duniya: Sine Ngayen da Wanar a Sanagal, Wasu da Kerbac a Gambiya.

Mu ma a Nijar muna da tsofaffin kaburburan duwatsu a Abzin da Tenere, tun na kafin zuwan Musulunci. Wanda ya tone irin wannan wuri don neman dukiya, ko ya kwashe duwatsunsa don gini, ya shafe labarin da ba ya sāke rubutuwa. In kun ga irinsa, kada ku taɓa kome. Ku gaya wa malaminku.

Tambayoyi
1. Da wane irin dutse aka yi waɗannan kaburbura?
2. Me ya sa masu bincike ba sa haƙa da gaggawa?
3. Me ya nuna mana mutanen nan suna da maƙera?