Uwargida, Ɗanki Ya Iya Ruwa Kuwa?

Da zarar an ba da dogon hutu, mu iyaye mata na Jega hankalinmu ba ya kwanciya, domin lokacin ne Gulbin Zamfara yake kawowa. Ki aiki yaro sayen gishiri, ya dawo idonsa jawur, ƙafa furu-furu, ya rantse miki bai je gulbi ba. A Aliero da Maiyama kuwa kududdufai ne, ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini ko ta hanya. Ni na fi jin tsoronsu, don bakinsu iya gwiwa ne, taku biyu gaba kuma sai ruwa ya shanye babba.

Shekara da shekaru dabarata ɗaya ce, bulala. Ba ta hana komai ba, ƙarya kawai ta koya wa yaron. Don haka da malaminsu ya aiko da takardar zangon 'yan sikawut na mako guda, na ga har da koyon iyo a ciki, sai da na kwana uku ban ce wa maigida komai ba.

Wannan ƙungiya wani sojan Ingila mai suna Baden-Powell ya fara ta da zangon yara a 1907, ta iso Nijeriya a 1915. Tsarinta bai yi nisa da na 'yan agajinmu ba. Ana raba yara ƙungiya-ƙungiya, shida zuwa takwas, kowace da shugabanta. A zangon da ɗana ya je, ana tashinsu kafin asuba, a yi sallah cikin jam'i, sai shara da fareti, sannan koko. Da hantsi a koyi ɗaurin igiya da taimakon gaggawa. Su ke ɗebo ruwa, su ke wanke kayansu da tukwanensu. Yaron da ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗagawa a gida!

Amma ruwan shi ne abin da na je na gani da idona. Ba su kusanci gulbi ba. Wuri ne marar zurfi da manya suka fara shiga suka tattaka, suka kewaye da igiya. An gwada kowane yaro tun ranar farko, wanda bai iya ba iyakarsa ƙugu. Kowa da abokinsa, in an busa usur sai su kama hannun juna su ɗaga, a ƙirga. Akwai babba guda a tsaye a baki, ba ya hira, ba ya taɓa waya, aikinsa kallo kawai. Dalili kuwa, mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Numfashi yake nema, shiru zai tafi, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na ceto. An hana su faɗawa bayan wanda ruwa ya ci, don rirriƙe ka zai yi ku tafi tare. Sau nawa muka ji an yi jana'izar wa da ƙane rana ɗaya? Sai dai a kwala kira, a kwanta a baki a miƙa doguwar sanda, ko a jefa jarka marar komai da murfinta a rufe. Ai ko masuntan Argungu, da ruwa ya zama gadonsu, da gora suke shiga. In an fito da mutum ba ya numfashi, a hura masa iska a baki, a danna ƙirji, ba ciki ba, sannan a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Kafin ki yarda, ki sa maigida ya je ya tambaya: manya nawa ne za su tsaya a bakin ruwa, kuma su kansu sun iya? In za a shiga kwalekwale, akwai rigar ruwa ga kowane yaro? Ba mu manta da jirgin da ya kife kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ba, mutane fiye da ɗari. Sannan ki sa ido bayan ya dawo. Ruwan kwance yana ɗauke da tsargiya, in kin ji yana kukan zafin fitsari ko kin ga jini, akwai maganinta a asibiti, praziquantel, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Abin da ke damuna shi ne 'ya'yanmu mata. Su ke wanki a bakin gulbi, su ke bin kwalekwale zuwa fadama da biki, amma babu mai koya masu. A ajina na Islamiyya na tambayi 'yan mata wa ta iya ruwa, hannu biyu kacal na gani. Na kai maganar gaban shugabar makarantarmu, cewa a samo mace wadda ta iya, a sami wuri killatacce, su shiga da suturarsu. Ta ce in kawo sunayen iyaye goma da suka amince. Zuwa yanzu na samu huɗu.