Maƙoƙo Ba Jifa Ba Ne, Mu Duba Gishirinmu

A zangon da muke zaune, da zarar mace ta fara kasala, ko jikinta ya rame ba dalili, sai ka ji an ce kishiya ce, ko iska ta taɓa ta. Ni mai sayar da kayan miya ne, shekara da shekaru ina auna gishiri, kuma ina so in ja hankalin 'yan'uwa fatake kan wani abu da ke kusa da tiren awonmu.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Aikinta shi ne fitar da sinadarin homon, wanda ke daidaita zafin jiki da bugun zuciya da yadda abinci ke zama ƙarfi. Ba ta iya wannan aiki sai da sinadarin aidin. Idan ta rasa shi sai ta kumbura, shi ne maƙoƙon da muke gani.

In homon ɗin ya yi ƙasa, mutum zai riƙa jin gajiya da sanyi, ya yi ƙiba ba don ci ba, bayan gida ya yi tauri. Mace kuwa al'adarta ta rikice, ciki ya yi ta zubewa ko ya ƙi shiga. In ya yi yawa, ga ci ga rama, zuciya na dukan uku-uku, hannu na karkarwa, gumi ko da hunturu, wani lokaci idanu su firfito. Abin da ya fi ban tsoro, mai ciki da ta rasa aidin tana iya haifar yaro mai raunin ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Shi ya sa tun shekarun 1990 Najeriya da Gana suka wajabta zuba shi a gishiri. To amma aidin na gudu in gishiri ya sha rana da laima a buɗe. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba shi ma yana hana jiki amfana da shi.

Ba kowace matsalar tayirod ce daga gishiri ba. Wani lokaci garkuwar jiki ce ke juyawa ta yaƙe ta, wata kuma bayan haihuwa take tasowa. Gwajin jini da ake kira TSH shi ke nuna ko homon ɗin ya yi ƙasa ko ya yi yawa, kuma akwai magani a asibiti.

Don haka maigida, kafin ka ce uwargida ta zama raguwa, kai ta a auna ta. Mu masu awo kuma mu saro na leda mai alamar aidin, mu rufe shi a inuwa. Ba cewa na yi a ƙara gishiri a miya ba, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi babba a yini, saboda hawan jini.