Sabis a Ƙauyukan Mai'adua: Abin da Yake Gaskiya da Abin da Ba Haka Ba

Ranar Lahadi a kasuwar Mai'adua, za ka ga an gama cinikin sa, mai saye da dillali sun yi cirko-cirko gaban mai POS, kuɗi sun ƙi shiga saboda sabis ya ɗauke. A wajen irin wannan tsayuwar ake haifar da yawancin maganganun da ke yawo game da sabis. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa suna jawo wa talaka asarar kuɗi.

Masu cewa sabis ɗin Nijar na shigowa wayoyinmu ba su yi ƙarya ba. Wanda ke zaune wajajen Kongolam ya sha ganin wayarsa ta kamo layin ƙetare, domin siginar ba ta san shingen kwastan ba. Maganin yana cikin saitin waya: ka zaɓi kamfaninka da hannunka, ka kashe romin na data.

Sai masu cewa duk ɗaukewar sabis aikin gwamnati ne. Wannan zargi yana da tushe. A watan Satumba na 2021 an katse sadarwa saboda 'yan bindiga a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, irin su Jibiya, Batsari, Safana da Faskari, amma Mai'adua ba ta cikinsu. Abin da ya fi ɗauke mana sabis shi ne janaretan ƙarfen sabis ya tsaya, ko a sace baturansa, ko masu aikin hanya su tsinke wayar da ke binne a ƙasa. Wani lokacin ma matsalar tana can nesa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta tangal-tangal a Najeriya. Ranar kasuwa kuwa cunkoso ne kawai. Ƙarfe guda kamar rijiya guda yake, in masu guga suka yi yawa dole kowa ya jira.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta cewa ƙarfen sabis na jawo ciwon daji ko rashin haihuwa. A 2020 har an ɗora wa 5G alhakin korona, alhali sai a 2022 MTN ya fara 5G a Najeriya, cutar kuma ta shiga ƙasashen da ba su da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sami gamsasshiyar hujjar cewa waɗannan ƙarafa na cutar da maƙwabtansu ba. Garin da ya hana a kafa ƙarfe saboda wannan tsoro, 'ya'yansa ne za su riƙa hawa tudu don duba sakamakon JAMB, mai naƙuda kuma a rasa yadda za a kira mota.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa waya mai 5G za ta raba ka da wahala. In ƙarfen da ke kusa da kai bai da 5G, wayar ba za ta ƙirƙiro shi ba. Haka manhajojin da ake tallatawa wai suna ƙara ƙarfin sabis, ba su ƙara komai. Abin da ke aiki shi ne ka gwada layukan MTN, Airtel da Glo a cikin gidanka kafin ka sayi data mai yawa, sannan ka samu ƙaramar rauta ta 4G ka ɗora ta can sama, wajen taga mai fuskantar ƙarfe. Kaurin katangar ƙasa da rufin kwano suna rage sigina sosai.

Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, lallai yana aiki a inda babu ƙarfe ko ɗaya, tunda daga tauraron ɗan'adam yake ɗauko intanet. Amma ba kyauta ba ne. Na'urar ta kai dubban ɗaruruwan naira, ga kuɗin wata-wata, ga buƙatar sola da batur. Ya fi dacewa da makaranta ko asibitin gari.

Batun saurin ƙarewar data kuwa, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari, ga bidiyon Facebook da TikTok da ke kunna kansu. Ka hana bidiyon kunna kansu a saiti. In har yanzu kana ganin an cuce ka, kira kamfaninka a 300, in ba su share maka hawaye ba ka kira NCC a 622, kyauta ne.