Farar Fumfuna a Jikin Kifin Ado, da Mas'alar Ruwan da Yake Ciki

Duk wanda ya ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi, ko a falonsa ne, ko a ofis, da wuya ya daɗe bai wayi gari ya tarar da ɗaya daga cikinsu ya raɓe a lungu ba, ya naɗe fuka-fukinsa, ya ƙaurace wa abinci, ga kuma wani farin abu ya tsiro masa a gadon baya ko a bakin wutsiya, sai ka ce an liƙa masa guntun auduga. Abin da galibin mutane kan yi a wannan hali shi ne su garzaya wurin mai sayar da kifi, su sayo kwalbar shuɗin magani, su tsiyaya cikin akwatin, su koma suna jiran waraka. In an yi sa'a abin ya ɓace, amma kafin mako biyu ya sake ɓullowa a jikin wani kifin. Dalili kuwa shi ne alamar cutar ce ke jikin kifi, sababinta yana cikin ruwa.

Wannan farin abu wata halitta ce mai rai, wadda masana ke kira Saprolegnia. Da can an lissafa ta cikin dangin fumfunar da ke fitowa a abincin da ya kwana, daga baya bincike ya tabbatar da cewa nasabarta dabam take, 'yar'uwa ce ga cutar nan da ta halaka dankalin ƙasar Ailan tun daga 1845, har yunwa ta kashe mutane wajen miliyan guda. Irinta ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, masu iyo da kansu, kuma kusan babu ruwan daɗin da ya kuɓuta daga gare su, ko kogi, ko tafki, ko akwatin da aka fi tsabtacewa. Asalin abincinta matattun abubuwa ne: ragowar abincin da ya nutse, da ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba, da gawar kifin da ba a lura da ita ba. Lafiyayyen kifi kuwa Allah Ya lulluɓe shi da yauƙi mai tunkuɗe irin waɗannan ƙwayoyi, saboda haka yakan ƙare rayuwarsa yana iyo a tsakaninsu ba su cuce shi da kome ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: cizon abokin zama, ko karcewar dutse mai kaifi, ko kamun hannu da ya goge yauƙin, ko, abin da ya fi yawa, ruwan da ya daɗe yana ƙona fatar kifin a hankali.

Yadda take kisa ma abin lura ne. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da ke kewaye da shi gishiri, fatarsa ce shamakin da ke hana ruwa kwarara cikin jiki, take kuma hana gishirin jini zurarewa waje. Idan fumfunar ta cinye fili mai faɗi na fatar, sai jinin ya tsinke, kifin ya yi ta galabaita har ya mutu.

To, mene ne ke ɓata ruwan? Fukaha'unmu sun koya mana duba siffofi uku kafin a yi tsarki da ruwa, watau launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙamshinsa, kuma wannan ma'auni ya wadatar ga abin da aka sanya shi dominsa. Amma mai kiwon kifi yana bukatar ƙari a kansa, gama ruwa yakan kasance garau, babu wari, alhali kuwa cike yake da guba. Kifi yana fitar da wani sinadari, amoniya, galibi ta gaɓar numfashinsa da ke ƙarƙashin murfin kumatu, ruɓaɓɓen abinci da kashi kuma suna ƙara shi. A kogi ruwa ne ke tafiya da shi. A cikin akwati babu inda za shi. Abin da ke ceton kifin shi ne wasu bakteriya masu amfani, waɗanda wani masani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, ya bayyana aikinsu a 1890: wata ƙungiya tana mai da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin har jinin ya koma ruwan ƙasa, wata ƙungiya kuma tana mai da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce muddin bai taru ba. Waɗannan bakteriya ba cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a soson injin tace ruwa da kan tsakuwa, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita a sabon akwati. Daga nan mai karatu zai gane abin da ya sa wanda ya sayi akwati da kifi goma a rana guda yakan yi hasararsu cikin watan farko, da kuma abin da ya sa mai tsananin son tsabta, wanda ke juye ruwan duka, ya wanke tsakuwa da sabulu, ya cuɗa soson ƙarƙashin famfo, ya fi malalaci kashe kifi. Kulorin da ake zuba wa ruwan famfo an zuba shi ne don ya kashe ƙwayoyi, kuma ba ya rarrabe nagari da mugu. Soso a cikin tsohon ruwan akwatin da aka ɗebo a bokiti ake matse shi, a mayar.

A 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ajiye jajayen kifaye biyu da ciyawar ruwa cikin tulun gilashi, da ganye ya fara ruɓewa ya ƙara dodon koɗi, ya nuna cewa ukun suna iya rayar da juna ba tare da an sake ruwa ba. Gwaji ne mai hikima, amma a ganina ya bar wa na baya mummunar fahimta, domin har yau akwai masu zaton akwati yana iya riƙe kansa. Kifi biyu ne a ruwa mai yawa. Wanda ya cusa takwas cikin lita ashirin, yana watsa musu abinci sau huɗu a yini don ya ga suna wawaso, ba shi da rabo a wannan hujja. Ƙanƙantar akwati ba ta sauƙaƙa kiwo, hasali ma tsananta shi take yi, gama ruwa kaɗan ya fi saurin gurɓata, ya fi saurin ɗaukar zafi da sanyi. Abin da ya kamata shi ne a ba kifayen abin da za su cinye cikin minti biyu, a zuƙe rubu'in ruwan da tiyo daga ƙasan tsakuwa kowane mako, a mayar da sabo wanda aka ɗiga wa maganin kashe kulorin, ɗuminsa daidai da na tsohon. Wanda ya sami kwalaben gwajin ruwa ya nemi ganin amoniya da naitirait a sifiri, naitiret kuwa ƙasa da miligiram 40 a lita. A ƙasashenmu akwai ƙarin larura biyu: ɗauke wuta, wanda in ya yi tsawo yakan tsai da injin har bakteriyar soson su rasa iska, da sanyin hunturu, wanda ke saukar da ɗumin ruwa cikin dare ƙasa da digiri 24 zuwa 27 da galibin kifayen ƙasashen zafi ke so, fumfunar kuwa ta fi samun galaba a kan kifin da sanyi ya buga.

Kafin a sa magani wajibi ne a tabbatar da cutar, saboda akwai wata mai kama da ita, Columnaris, wadda bakteriya ce ke haddasa ta. Ita takan fara a leɓe ko ta kwanta a gadon baya, shafe take, launinta toka-toka, ba ta da dogayen silin Saprolegnia, tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma zafi yana ƙara mata ƙarfi. Wanda ya ɗaga ɗumin ruwa bisa zaton fumfuna ce ya gaggauta ajalin kifinsa; wannan sai maganin bakteriya daga hannun likitan dabbobi.

Idan ta tabbata fumfuna ce, a fara da sake sulusi ko rabin ruwan, a kwashe duk abin da ya ruɓe, a rage abinci, a raba masu faɗa. Sau da yawa ƙaramin tabo da wannan kaɗai yake warkewa. In bai ja da baya ba, a keɓe majinyacin a wani mazubi mai injin hura iska, a narka masa gishiri tsantsa, giram 1 zuwa 3 a kowace lita, ana ƙarawa sannu a hankali. Ƙaramin cokalin shayi a shafe cikin lita biyar shi ne mafi ƙanƙantar awon. Gishirin yana rage wahalar da jini ke sha, yana kuma tare naitirait daga shiga jiki, sai dai ciyawar ruwa da wasu ƙananan dangin tarwaɗa ba su jure shi. Shuɗin maganin nan kuwa, shuɗin metilin, rini ne da Heinrich Caro ya haɗa a Jamus a 1876, har wani masani, Paul Ehrlich, ya jarraba shi a kan zazzaɓin cizon sauro a 1891. Yana aiki ƙwarai, musamman wajen kare ƙwai, amma yana kashe bakteriyar soso, shi ya sa tsiyaya shi cikin babban akwati ke haifar da komowar cutar. Wani magani kuma, koren malakait, ya fi shi ƙarfi, ya kuma fi shi haɗari: yana cutar da kifi marar ɓawo, kuma Amurka da Tarayyar Turai sun haramta shi a kifin ci saboda zargin yana jawo sankara, don haka kada mai kiwon tarwaɗar sayarwa ya kusance shi. Kowanne aka ɗauka, a bi awon da ke jikin kwalba, in akwai gawayi a injin tacewa a cire shi don kada ya tsotse maganin, a ci gaba kamar mako guda ko da farin ya faɗi tun rana ta uku. A kuma tuna gishiri ba ya bin tururi: in ruwa ya ragu don zafi, da ruwa zalla ake cikawa, sai wanda aka zuƙe aka zubar ne ake mayar wa gishirinsa, kuma ba a mai da kifin cikin 'yan'uwansa sai fatar wurin ta rufe, gwajin babban akwatin kuma ya nuna sifiri.