KiCad ko EasyEDA: Da Wacce Mai Gyara Zai Fara Zana Fanel Ɗinsa?

Matasanmu da yawa a Agege, Alaba da Sabon Ibadan sun koma gyaran inbata, caja da fitilar sola, kuma Allah ya sa wa sana'ar albarka. Sai dai yawancinmu a canjin kafasita muke tsayawa. In fanel ya ƙone gaba ɗaya, sai a ce wa mai kaya ya sayi sabo. Alhali koren allon nan zana shi ake yi a kwamfuta, kuma akwai manhajojin zanen da ba a biyan ko sisi.

Aikin hawa biyu ne. Da farko ka zana taswirar haɗi: wannan ƙafar rasista ta tafi wurin wancan tiranzista. Sannan ka jera kayan a kan allo, ka ja musu hanyoyin jan ƙarfe. Ƙarshe manhajar ta fitar da fayilolin da ake kira Gerber, su masana'anta ke karɓa ta buga maka.

To amma kyauta iri biyu ce, nan ne ake ruɗewa. EasyEDA kyauta ce, tana da sauƙi, kuma a haɗe take da JLCPCB da LCSC na birnin Shenzhen a China, ka gama zane ka yi oda nan take. Amma mallakar kamfani ce, ba ka da ikon duba cikinta ko sauya ta, kuma wadda aka fi amfani da ita a burauza tana cin data. Ni da na taso ina bin Baba kasuwar shanu, da saniyar aro nake kwatanta ta: ka sha nono, amma ranar da mai ita ya zo da igiya ba ka da ta cewa.

An ga haka da Eagle. Shekaru da dama ita ce ta masu ƙananan ayyuka. Autodesk ya saye ta a 2016, ya mayar da ita ta biyan kuɗi lokaci-lokaci, daga baya ya sanar cewa zai daina sayar da ita da kula da ita a watan Yunin 2026.

KiCad daban take. Wani malami a Grenoble ta Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara ta a 1992, ya bar rubutun da aka gina ta da shi a buɗe ga kowa. Da can ana kukan tana da wuyar sha'ani. Wajen 2013 injiniyoyin CERN, babbar cibiyar binciken nan da ke kusa da Janeba, suka sa hannu, suka ƙara mata dabarar da in kana jan hanya sauran hanyoyin ke matsawa su ba ka wuri. Tun daga ta 7 a 2023, duk farkon shekara ake fitar da sabuwa. In ka sauke ta sau ɗaya, ko ka kwafa a filas daga wurin aboki, tana aiki ba intanet. Ba ta ƙayyade maka girman allo, kuma fayil ɗinka yana cikin kwamfutarka. Ga wanda ke aiki a shago da janareto, ko ɗan'uwa da ke gida Kajuru inda sabis ke ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita nake ba da shawara, ko da makon farko zai ba ka ciwon kai.

Fritzing ta Jamus ta yaran makaranta ce da masu wasa da Arduino. Hotunanta na da kyau, amma ba zan zana fanel ɗin inbata da ita ba. LibrePCB tana da tsabta, sai dai rumbun kayanta bai kai na KiCad ba.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan kudancin Kaduna da ƙera kayan lantarki? A Kafanchan ɗin nan Gidauniyar Fantsuam ta taɓa haɗa kai da wani kamfanin Ingila kan wata ƙaramar kwamfuta mai suna Solo, wadda aka tsara don ta jure zafi, ƙura da ƙarancin wuta. Wanda ke zaune da matsalar shi ya san inda kaya ke mutuwa. Kuma KiCad na karɓar gudummawa: ba dole sai ka iya C++ ba. Kana iya zana sawun wani kayan da babu shi a rumbu, ko ka kai rahoton matsala a shafinsu na GitLab.

Gargaɗi ɗaya: kada ka fara da abin da ke taɓa wutar NEPA kai tsaye, 230 ba wasa ba ce. Fara da ƙaramin allo mai nuna cikar batirin 12. Kafin ka tura oda, buga zanen a takarda daidai girmansa, ka ɗora kayan a kai ka ga ko ƙafafunsu sun faɗa ramukan. Masana'antun China galibi daga guda biyar suke farawa, kuma kuɗin kawowa kan fi na allon, don haka ku haɗu mutum uku ko huɗu ku yi oda ɗaya.