Ko Kun Sani? Kujerar Alfarma a Jirgi Takan Fi Arha

Akwai ranakun da tikitin kujerar alfarma, wato bizines, yake faɗowa ƙasa da na gama-gari. Kamfanonin jirage sukan kasa kujeru kashi-kashi, kowane da farashinsa. A hutun Kirsimeti iyalai kan wawushe masu arha na baya, sai a bar tikiti mai harafin Y, mafi tsada a gama-gari, alhali gaba, ɓangaren bizines, wayam, har an yi rangwame.

Abin takaici, wasu ma'aikatu sun hana ma'aikacinsu mai tafiyar aiki zama a gaba ko da can ya fi sauƙi.

Dokar tafiye-tafiyen ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka ta fi hangen nesa: ta yarda da bizines idan zai rage wa gwamnati kashe kuɗi, ko idan tafiyar ƙetare ta haura awa 14.